Zanen da ke Ɓoye Cikin Lissafi: Daga Hasumiyar Huaisheng zuwa Fuskar Waya

A titin Guangta, cikin tsohon birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, akwai wata hasumiya mai tsawon mita 36 wadda ba ta da ado ko kaɗan. Mulmulallen gini ne na tubali da aka yi wa shafe, yana tsukewa sannu a hankali yayin da yake yin sama, sai 'yan ƙananan kafofi na shigar iska da haske. Ita ce hasumiyar Masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin masallatan da suka fi daɗewa a ƙasar Sin. Musulmin garin sun gaji labarin cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, shi ne ya kafa masallacin a shekarar 627, har akwai kabarin da ake danganta masa a arewacin tsohon birnin. Malaman tarihin Musulunci kuwa sun rubuta cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Abin da ba a gardama a kansa shi ne fatake Larabawa da Farisawa sun zauna a wannan unguwa tun zamanin daular Tang. Wani littafin tafiye-tafiye na shekarar 851 ya ambaci alƙalin Musulmin garin, wanda Larabawa ke kira Khanfu, yana yi musu shari'a yana kuma jan su sallar idi. An sake gina masallacin a 1350 bayan gobara, aka kuma sake a 1695. Ibn Baɗuɗa, wanda ya ambaci Gobir da Barno a labarin zuwansa Takedda, shi ma ya ba da labarin unguwar Musulmin wannan birni da masallacinta.

A da can Kogin Lu'ulu'u dab da gindin hasumiyar yake wucewa, matuƙa jiragen ruwa in sun hango ta sun san sun iso. Yau kogin ya janye kudu, benaye sun kewaye ta.

Rakiyar yayana ce ta kai ni can. Shi ɗan kasuwa ne, yana saro atamfa da shadda da leshi yana kawowa Kantin Kwari. Ni kuma malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Abin da ya tsaya mini a rai game da hasumiyar shi ne cikinta. Matakala biyu ne a ciki, kowace da ƙofarta, suna murɗawa suna kewaya ginshiƙi ɗaya, mai hawa ta wannan ba ya gamuwa da mai hawa ta waccan sai a can sama. Mai tsaye a waje ba abin da zai nuna masa haka. Hasumiyar ba ta cikin irin zanen da zan yi magana a kai, kada a ce na ce. Amma a inuwarta aka yi mini tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Mun idar da sallar la'asar muna zaune a harabar masallacin, ina latsa waya, sai Yaya ya leƙo. A fuskar wayar wani zane ne mai murɗe-murɗe, shuɗi da fari, kowane murɗe ya haifi wasu ƙanana a gefensa.

Ya ce, "Malam, wannan samfurin na wane kamfani ne? Wallahi in aka buga shi a leshi zai tafi."

Na ce, "Yaya, ba na kamfani ba ne."

"To wa ya zana?"

"Ba wanda ya zana shi. Lissafi ne, layi ɗaya tak."

Ya dube ni, ya ce, "Lissafi ai ba ya zane."

Mutane da yawa haka suka ɗauka, har da wasu abokan aikina masu koyar da darasin. Gaskiyar magana ita ce akwai hotuna kwance cikin lambobi, ba mutum ne ya saka su ba, kuma akwai masu fasahar da aikinsu shi ne shiga su nemo su. Irin waɗannan siffofi su ake kira firaktal.

Tunda a ƙasar Sin muke, da lissafin Sinawa na fara yi masa bayani, a bayan wata takardar rasit. Rubuta 1 a sama. A layi na biyu rubuta 1 da 1. Daga nan kowane layi ya fara da 1 ya ƙare da 1, kowace lamba ta tsakiya kuma jimlar biyun da ke samanta ce. Layi na uku zai zama 1, 2, 1. Na huɗu 1, 3, 3, 1. Na biyar 1, 4, 6, 4, 1. Na shida 1, 5, 10, 10, 5, 1. Haka za ka yi ta sauka, lambobin suna jeruwa cikin siffar alwatika. A makarantunmu ana kiran wannan jeri da sunan Pascal, Bafaranshen da ya yi rubutu a kansa a 1654. Ɗaliban ƙasar Sin kuwa da sunan Yang Hui suka san shi, wanda ya kawo shi a littafinsa na 1261, shi ma ya ce daga Jia Xian na ƙarni na 11 ya samo. A Bagadaza, al-Karaji ya san jerin tun wajen shekara ta 1000, Umar Khayyam ma ya yi aiki da shi. Yawancin waɗannan manyan malamai don warware matsalolin aljabara suka riƙe shi.

Yanzu sai ka manta da girman lambobin, ka dubi abu ɗaya: cika ce ko mara? Duk inda ka ga mara, wato 1, 3, 5, 7 da 'yan'uwansu, ka cike gidan da baƙin biro. Inda ka ga cika ka bar shi fari. A layuka huɗun farko gida ɗaya ne kawai zai fito fari, na lamba 2, baƙaƙe sun kewaye shi. Ka kai layi na takwas, wanda lambobinsa 1, 7, 21, 35, 35, 21, 7, 1 ne, duka mara, sai ka ga farar alwatika a kife a tsakiya, ƙananan alwatika uku sun kewaye ta, kowace da farin gidanta a ciki. Ka kai layi na 16, sai abin da ka gani a layuka takwas ya bayyana sau uku, ɗaya a sama biyu a ƙasa, da sabon farin fili babba a tsakaninsu. Haka abin zai yi ta ninkuwa ba iyaka: alwatika cikin alwatika cikin alwatika. Ko ƙirga gidajen baƙaƙen ka yi, a tsare suke: 3 a layuka biyu, 9 a huɗu, 27 a takwas, 81 a goma sha shida.

Wannan siffa ana kiranta da sunan Waclaw Sierpinski, masanin lissafi ɗan ƙasar Folan da ya bayyana ta a 1915, ta wata hanya daban ma, hanyar yanke tsakiyar alwatika a yi ta maimaitawa. Tsakanin Yang Hui da Sierpinski shekara 654 ce. Tsawon wannan lokaci zanen yana nan cikin jerin lambobin, domin mara da mara cika suke bayarwa tun ran gini tun ran zane. Da wani ɗalibi a Bagadaza ko ƙasar Sin ya ɗauki tawada ya cike gidajen, abin da kai za ka gani yau shi zai gani, ba ragi ba ƙari.

Yaya mutum ne da ya san zane, don haka nan take ya kawo abin da ya kamata a kawo: ai atamfa ma maimaici ce. Haka ne, sai dai maimaicin iri biyu ne. Furen atamfa yana maimaituwa gefe da gefe, girmansa ɗaya daga farkon turmi zuwa ƙarshensa, in kuma ka matso da ido sosai furen zai ɓace ka koma ganin zare. Firaktal ciki yake maimaituwa. Kana matsowa, ƙaramin sashe yana buɗewa ya nuna maka kamannin babban, shi ma da nasa ƙananan a ciki.

Wanda ya raɗa wa abin suna, a 1975, shi ne Benoit Mandelbrot. An haife shi a Warsaw a 1924, iyayensa suka koma Faransa yana yaro, ya yi yawancin aikinsa a cibiyar bincike ta kamfanin IBM a Amurka, ya rasu a 2010. Mutum ne mai leƙe-leƙe. Ya bi farashin auduga na shekaru masu yawa, ya lura cewa hawa da saukar farashi na kwanaki yana kama da na watanni. Wannan kam ko dillalan auduga na Funtuwa za su gane abin da yake nufi. A 1967 ya buga wata muƙala kan tsawon gaɓar tekun Birtaniya, inda ya nuna cewa amsar ta danganta da tsawon ma'auninka: ƙaramin ma'auni yana shiga lungu da saƙon da babba ke tsallakewa, sai tsawon ya yi ta ƙaruwa. Kafin shi Lewis Fry Richardson ya gano cewa Sifen ta rubuta tsawon iyakarta da Fotugal kilomita 987, Fotugal kuma ta rubuta 1,214, alhali iyakar ɗaya ce.

Zanen da ke wayata ranar nan daga siffar da ke ɗauke da sunansa ya fito, kuma ƙa'idarta ba ta fi ƙarfin ɗan aji ɗaya na sakandare ba. Zaɓi lamba ɗaya ka riƙe. Fara da sifili. Ninka abin da ke hannunka da kansa, ka tara masa lambar da ka riƙe. Abin da ya fito, sake ninka shi da kansa ka tara lambar. Ka yi ta yi.

A ce ka riƙe 1. Za ka samu 1, sai 2, sai 5, sai 26, sai 677, sai 458,330. Ta gudu ke nan, ba ta dawowa. A ce ka riƙe −1, wato ɗaya ƙasa da sifili. Za ka samu −1, sai 0, sai −1, sai 0, tana kai da kawo a wuri ɗaya har abada. Riƙe 0.25, za ta yi ta rarrafe tana kusantar rabi ba tare da ta taɓa ƙetare shi ba. Ƙara mata ɗan kaɗan ta zama 0.26, sai ta yi ta jan jiki a kusa da rabi kamar ba za ta tafi ba, bayan zagaye kimanin 30 ta ɓalle. Lambobi dai sun kasu biyu: masu zama da masu gudu. Masu gudun ma wata tana tafiya da wuri, wata sai ta daɗe.

Saura mataki ɗaya. Maimakon lambobin da ke kan layi, sai a ɗauki kowane ɗigo na shimfiɗaɗɗiyar takarda, mai lamba biyu, ɗaya ta gabas da yamma ɗaya ta kudu da arewa. Akwai hanyar ninka irin waɗannan tagwayen lambobi, wadda Rafael Bombelli na Italiya ya tsara ƙa'idojinta tun 1572. Kwamfuta sai ta bi ɗigon allo ɗaya bayan ɗaya tana yi masa wancan gwaji. Wanda ya zauna ta shafa masa baƙi. Wanda ya gudu ta ba shi launi gwargwadon yawan zagayen da ya yi kafin ya gudu. Iyakar abin ke nan. Ba inda aka gaya wa na'urar ta yi da'ira ko ta yi murɗe.

Abin da ke fitowa shi ne wani baƙin jiki mai faɗi da tsagi a gabas, da'ira manne da shi a yamma, wata ƙarama manne da ita, sai siririn tsinke ya miƙe. Gefen jikin duka ƙananan da'irori ne, kowace da nata ƙananan. Daga nesa ba shi da wani kyau na a zo a gani. Kyan yana bakin iyaka, inda masu zama da masu gudu suka yi maƙwabtaka. Ka zuƙo nan, sai murɗe-murɗe su fito, da rassa, da sarƙoƙi, da abubuwa masu kama da hancin giwa a jere, har masu wannan harka suna kiran tsagin gabas Kwarin Giwaye. Can cikin wani lungu kuma sai ka ci karo da ɗan ƙaramin baƙin jikin nan sukutum, da da'irarsa da tsinkensa, kewaye da adon da bai yi kama da na kowane ɗan'uwansa ba.

Gaston Julia da Pierre Fatou, Faransawa biyu, sun yi nazarin irin wannan maimaici wajen 1918, da alƙalami da takarda. Julia ya rubuta babban aikinsa ne bayan raunin da ya samu a fuska a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sun fahimci abubuwa masu zurfi game da siffofin, amma ba su da na'urar da za ta nuna musu su. A 1978 Robert Brooks da Peter Matelski suka fitar da hoton farko, ɗan gwarjin hoto da aka buga da alamomin taurari na na'urar buga takarda. A 1980 Mandelbrot ya samu hotuna masu kyau a IBM.

Akwai wani abu da ya faru a lokacin wanda a wurina ya yanke gardamar ko ƙirƙira ake yi ko ganowa. A hotunansa na farko Mandelbrot ya ga wasu ɗige-ɗige a warwatse nesa da babban jikin, masu kama da dattin na'ura. Da ya zuƙo su sai ya ga ƙananan kwafin siffar ne. Har masu buga muƙalarsa ta 1980 sun ɗauka datti ne suka goge su. Shi kuma da farko ya zaci tsibirai ne da ba su haɗe da uwar ba. A 1982 Adrien Douady da John Hubbard suka kafa hujja cewa duka a haɗe suke, da zare siriri wanda allon wancan zamani ba ya iya nunawa. Wanda ya zana abu da hannunsa ba ya jahiltar abin da ya zana. A nan kuwa siffar ce ta gyara wa mai sunanta zato. Har yau masana ba su san ainihin faɗin filin da ta mamaye ba, ƙiyasi kawai ake da shi, kimanin 1.5. Roger Penrose na Ingila yana cikin manyan masanan da suka tsaya a kan cewa gano ta aka yi, yadda ake gano dutsen da yake tsaye tun kafin a zo.

Ga wani abin da ya fi ba ni mamaki. A 1991 wani ɗalibi mai suna Dave Boll yana gwada ɗigogin da ke wuyan siffar, inda babban jiki ya haɗu da da'irar yamma. Ya matsa sama da wuyan da 0.1, ɗigon ya gudu bayan zagaye 33. Da 0.01, zagaye 315. Da 0.001, zagaye 3,143. Da 0.0001, zagaye 31,417. Duk ɗalibin da ya taɓa auna da'ira ya gane waɗannan lambobi: 3.14 ce ke fitowa, lambar da ke tsakanin kewayen da'ira da faɗinta. Ba ita ya je nema ba. Tarar da ita ya yi a can.

To in haka ne, ina fasahar take? Wannan ita ce wata tambayar da Yaya ya yi, kuma ita ce masu raina wannan aiki suke yi: ai kwamfuta ce ta yi komai. Mai haƙar rijiya ba shi ya halicci ruwa ba, amma ba kowa ne zai dubi fili ya ce a haƙa nan a samu ba, kuma ba kowa ne zai ɗaure bakin rijiyar ta yi ƙarko ba. Yawancin wuraren da za ka zuƙo a siffar Mandelbrot ba komai a cikinsu, baƙi ƙirin ne ko launi ɗaya shimfiɗe. Mai fasahar shi ne wanda ya san bakin iyaka, ya san in ya bi ta gefen wannan da'ira zai samu rassa biyar, ta gefen waccan bakwai, ya san in ya ratsa kusa da ƙaramin kwafi duk abin da ya wuce a baya zai dawo masa ninki biyu. Shi zai zaɓi inda zai tsaya, da abin da zai shiga hoto da wanda zai bari a waje. Shi zai ƙayyade yawan zagayen gwaji, don in ya yi kaɗan adon zai dushe, in ya yi yawa na'ura za ta kwana tana lissafi. Launi kuwa gaba ɗaya nasa ne, lissafi lamba kawai yake bayarwa.

A nan ne da yawa suke ɓata aikinsu, a ganina. Intanet cike take da hotunan firaktal da aka zuba wa ja da kore da ruwan hoda da ɗorawa gaba ɗaya, har ido ya rasa inda zai sauka. Ni shuɗin baba nake so, irin na marinar Ƙofar Mata, daga mai duhu sosai zuwa mai haske, sai fari. Wanda Yaya ya gani, daga wuyan siffar na samo shi: murɗe ɗaya babba a tsakiya, hannuwansa suna tsukewa zuwa wani ɗigo da ba a taɓa isa gare shi, a kan kowane hannu ƙananan murɗe a jere suna raguwa, tsakaninsu kuma wasu idanu masu gashi-gashi. Na sa duhun a ɗigogin da suka gudu da wuri, farin a waɗanda suka daɗe, sai bakin iyakar ya yi haske.

Filin kuma ba ya ƙarewa. Fuskar waya faɗinta kamar santimita 7 ne. In ka zuƙo sau tiriliyan ɗaya, abin da manhajar waya ke iya yi, cikakkiyar siffar a wannan ma'auni ta kai faɗin kilomita miliyan 70, kusan rabin nisan da ke tsakaninmu da rana. Kai kuma santimita bakwai kake kallo a ciki. Da wuya a ce wani ɗan Adam ya taɓa tsayawa daidai inda ka tsaya. Amma in ka aika wa wani lambobin wurin, ko a Maraɗi yake ko a Guangzhou, abin da ka gani shi zai gani.

Duniya ta san waɗannan hotuna ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da mujallar Scientific American ta sa siffar a bangonta a watan Agustan 1985, Heinz-Otto Peitgen da Peter Richter na Jami'ar Bremen kuma suka zaga da nunin hotunansu ƙasashe. A 1988 manhajar Fractint ta fito kyauta, duk mai kwamfuta a gida ya shiga nema. 'Yan fim ma sun amfana: Loren Carpenter ya nuna a 1980 cewa in ka yi ta rarraba alwatika kana ɗan karkata kowace, duwatsu za su fito kamar na gaske. Dalili kuwa shi ne halittar Ubangiji da yawanta a kan wannan tsari take. Hanyar iska a huhun mutum tana rabuwa biyu-biyu har kusan sau 23. Dubi reshen kuka lokacin rani, ko walƙiya, ko yadda Kogin Lu'ulu'u ya rarrabu kafin ya shiga teku, wanda ake hangowa ta tagar jirgi.

Mu Musulmi wannan fasaha ba baƙuwarmu ba ce. Magina da masu zayyana na ƙasashen Musulmi, da suka kauce wa zana masu rai a wuraren ibada, ga lissafi suka juya. A hubbaren Darb-i Imam na birnin Isfahan a Iran, wanda aka fara ginawa a 1453, akwai bango mai babban zanen taurari, cikin kowane sashensa kuma ƙaramin zane ne da aka shimfiɗa da ƙa'ida iri ɗaya. Peter Lu da Paul Steinhardt sun nuna a 2007 cewa da 'yan siffofi biyar magina ke tsara irin wannan ado, kuma tsarin ya kusanci abin da Penrose ya gano a shekarun 1970. Mataki biyu suka yi suka tsaya, domin tayil yana da iyakar ƙanƙanta. Kwamfuta ba ta da wannan iyaka, bambancin ke nan.

A Afirka ma wani Ba'amurke, Ron Eglash, ya fitar da littafi a 1999 kan firaktal a gine-gine da sana'o'inmu. Ya nuna fadar sarkin Logone-Birni ta mutanen Kotoko a arewacin Kamaru, shinge mai kusurwa huɗu cikin wani cikin wani, mai shiga yana ƙara ladabi a kowane mataki. Ya kawo kitso, inda tufka ke raguwa tana lanƙwasa. Ya kawo zana irin ta yankin Sahel, wadda masaƙanta ke ƙara matse layukanta yayin da suke yin sama, saboda iska ta fi ƙarfi a can. Duk wanda ya shiga tsohon gidan sarauta a ƙasar Hausa, daga zaure zuwa soro zuwa wani soron, ya san wannan tsari a jikinsa. Sai dai ina jan kunnen masu zumuɗi: ba kowane ado ne firaktal ba. Dagi ba shi ba ne, yawancin zanen hula ma ba shi ba ne, kyansu ta wata hanya yake. In muka kira komai da sunan, mun ɓata sunan kuma ba mu ƙara wa kayanmu daraja ba.

Abin da ya fi damuna yana cikin aji. Katsina ta haifi Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, malamin da ya zauna yana neman tsarin da ke ɓoye cikin gidajen murabba'i. Yau jikokinsa suna shiga ajin lissafi gabansu na faɗuwa, saboda mun mai da darasin hadda da bulala, ba mu taɓa nuna musu cewa akwai abin kallo a ciki ba. Na ga yaran da ba sa ɗaga hannu a aji sun ƙi fita tara saboda suna son su ga abin da zai fito a layi na gaba. Gani ya kori ji.

Ina kira ga 'yan'uwana malamai su ware darasi ɗaya a zango don wannan. Inda akwai kwamfuta, manhajar XaoS kyauta ce, kuma akwai irinta da yawa na waya. Masu zanen hula da masu aikin surfani da matasanmu masu tsara zane a kwamfuta su ma su leƙa, domin ba dole sai an jira samfuri daga Guangzhou ba.

Kai kuma mai karatu, ba ka bukatar wuta ko data. Samu takarda mai gida-gida daga littafin lissafin yaro. Cike gida ɗaya a kusurwar sama ta hagu. A kowane layi na ƙasa, dubi gidan da ke sama da wanda kake kai da kuma na hagunsa: in ɗaya ne kawai baƙi a cikinsu, cike naka, in duka biyun baƙi ne ko duka fari, bar shi. Idan ka kai layi na 32, ƙirga gidajen da ka cike, 243 za ka samu. In ka samu wani adadi daban, akwai layin da hannunka ya goce, sai ka koma ka nemo shi.